Ranar da Anti Barkono Ta Kashe Baba Direba

A kamfanin raba magungunan nan babu wanda ya taɓa kiranta Barkono a gaban idonta. A gabanta Anti ce, da ladabi, har da ɗan rusunawa. Sai ta ba da baya ake ƙarasa sunan. Ta kuma sani sarai. Takan ce abin bai dame ta ba, amma yadda take furta "bai dame ni ba" kaɗai ya isa ya sa mutum ya fara laluben ƙofa.

Tana budurwa ta shigo kamfanin, zamanin mahaifin Manajan yanzu, da takardar shaidar buga tafireta a jaka. Aka ba ta tebur a bakin taga, inda rana ke gasa wa mutum ƙeya daga azahar. Tana kan teburin nan ta yi aure, tana kansa ta haifi 'ya'yanta. Ba a kan teburin ba dai, amma na farin saura kaɗan. Da aka kawo kwamfuta aka kwashe tafiretoci zuwa sito, abokan bugunta biyu suka sha kuka suka kama gabansu. Ita kuwa ta ja kujera, ta ƙare wa sabuwar na'urar kallo sama da ƙasa, ta ce, "To, ni da ke." Ba a jima ba ta fi wanda ya koya mata sauri, ta kuma fara yi masa gyara.

Faɗa halinta ne tun asali, amma ba ta yinsa a banza. Wasiƙa mai kwanan wata na jiya, fayil da aka mayar a kife, mutumin da zai ce "ai duk ɗaya ne", waɗannan su ke tayar mata da jijiyar wuya. Mijinta tela ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Yakan gaya wa abokansa cewa tun da ya aure ta bai sake sayen ashana ba.

Abin da ya kai ta ga karatun tsaron na'ura kuwa, wata Asabar ce tana wanki wayarta ta yi ƙara. Muryar namiji, mai ladabi, ya gaishe ta, ya tambayi yara. Ya ce daga ƙungiyar iyaye ta makarantar autarta yake, za a yi taro ta waya, an turo mata wasu lambobi yanzu, ta karanto masa a sa ta a ciki. Hannunta duk kumfa. Ta goge a zani ta karanto. Ya ce bai ji da kyau ba. Ta sake karantowa, a tsanake, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya ƙirga. Ta ce masa Allah ya saka da alheri, ya gaida mutanen gida.

Kafin wankin ya bushe, shafinta na hira ya bar hannunta. Da sunanta da hotonta aka bi mutanen cikin wayarta kaf, ana roƙo, ana tura hotunan da ko a mugun mafarki ba ta taɓa gani ba. Surukarta ta samu. Limamin unguwa ya samu. Yayar mijinta, wadda dama tun ranar ɗaurin aure take jiran irin wannan rana, ta samu, ta kuma adana.

Daga baya an dawo mata da shafin, kowa ya ce ai an san ba ita ba ce. Amma ba wannan ke cinta ba.

"Sau biyu, Baban yara," take cewa, tana buga murfin tukunya. "Sau biyu na karanto masa. Har da addu'a!"

"Ki yi haƙuri, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Yayarka har yau in za ta gaishe ni sai ta yi wani murmushi."

A saman wani shagon tayoyi akwai cibiyar koyon kwamfuta da ke yin kwas na tsaro Asabar da Lahadi. Ta hau matakalar tana haki, warin roba na binta, ta tarar da aji cike da sa'o'in 'ya'yanta. Malamar ma siririyar yarinya ce mai gilashi.

"Sannu Mama, wa kika zo nema?"

"Ɓarawo," in ji Anti. "Amma tukuna ki koya mini yadda yake yi."

Haɗa wayoyi da saita na'urar intanet bai ba ta wahala ba, macen da ta sha kwance tafireta ta mayar. Inda ta sha wuya shi ne darasin ɓoye saƙo, don ashe duk lissafi ne, ita kuwa tun firamare suka raba jaha da lissafi. Ranar da Malama ta rubuta a allo cewa tara da biyar na iya ba da biyu, Anti ta daki tebur.

"Tara da biyar sha huɗu ne tun kafin a haife ki!"

"Mama, in yanzu ƙarfe tara ne, bayan awa biyar ƙarfe nawa?"

Anti ta motsa baki, ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.

"Biyu."

"To, irin wannan lissafin mai zagayawa ake kulle saƙo da shi."

"Sai ki ce na agogo ne tun farko mana!"

"Na faɗa, Mama."

"Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Da haka da haka ta gane. Abin da ya fi burge ta shi ne dabarar makulli biyu: ka raba wa duniya kwaɗo a buɗe, duk mai son aiko maka da saƙo ya ɗauki ɗaya ya datse, amma ɗan makullin yana aljihunka kai kaɗai. Ta ce yau ta ga abin da za ka ba kowa ba tare da an mai da kai wawa ba. Jarrabawar farko ta faɗi, ta yi kwana da kwanaki ba ta kula kowa. Ta biyu ta ci. A gida kuwa wayar maigidan ta fara kamawa. Ta goge masa lambar sirrinsa ta ɗaya-ɗaya-ɗaya-ɗaya, ta sa ya ƙirƙiro doguwar kalma mai haruffa da alamomi, ya manta ta kafin la'asar, awon rigunan mutane duk suna ciki.

Sai ta koma ofis da sabon ido, abin da ta gani ya kusa sa mata hawan jini. Akanta, mai riƙe da lissafin kamfani, ya manna kalmar sirrinsa a ƙasan allon bugawa, don kada ya wahala. Kashiya tana ba duk wanda ya ce "ara mini kwamfutarki minti ɗaya". Kalmar shiga intanet ɗin ofis kuwa, mai shayin tsallaken titi ya sani, masu gyaran babur sun sani, har akwai wani tsoho da ke zuwa da kujerarsa ya zauna a jikin katanga yana kallon ƙwallo. Duk a kan layin da ake ajiye sunayen asibitoci da odar magungunansu. Ta kai ƙara wurin Manaja, ya ce, "Haba Anti, maƙwabta ne. So kike a ce muna rowar iska?"

Ana cikin haka ya kira ta ofishinsa. Manajan nan tun yana ɗan firamare ta san shi, lokacin da yake zuwa ya ɓata mata takardu da biro. Yanzu ya yi tumbi da kujera mai juyawa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai ya fito da ita: kowa yanzu yana buga wasiƙarsa da kansa, teburin bugu ba shi da sauran amfani, ƙarshen wata za a rufe shi.

Ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ta haɗiye abin da ya fara zuwa bakinta, don da ta faɗe shi da ba a kai ƙarshen watan ba. Ta ce kamfanin na buƙatar mai kula da tsaron na'urori, ga ta, ga shaidarta.

"Tsaro daga wa? Mutanena wayayyu ne, Anti. Ba kowa ake yi wa abin da aka yi miki ba."

Ta runtse ido har sai da ta ga taurari.

"Yallaɓai, ka ba ni dama in gwada su. In aika musu saƙon tarko irin na ɓarayi. In sun faɗa, kujerar tawa ce. In ba su faɗa ba, in tattara kofina in tafi."

Ya yi dariya ya ce ya yarda. Har ya ƙara da cewa kada ta gaya masa komai, shi ma ta gwada shi. Malama ta sha nanata musu a aji cewa ba a gwada na'urar kowa sai da izini a rubuce, da sa hannu. Anti ta ce a rubuta. Fuskar Manaja ta canza.

"Takarda? Ni da ke? Ke da kika share mini majina a ofishin nan? Ashe maganata ba ta ishe ki ba?"

Kunya ta kama ta, abin da ba kasafai yake kama ta ba. Ta ce shi ke nan, a bar takardar.

Tarkon farko irin wanda aka koya musu ne: albishir, an yi ƙarin albashi, a danna nan a gani. Ta aika ta zauna jira. Ko mutum ɗaya bai taɓa ba. Da rana sai ga Akanta yana riƙe da ciki don dariya.

"Anti, zo ki ga wani ɓarawo marar basira. Wai ƙarin albashi! A gidan nan? Ko daga bakin Manaja na ji sai na nemi shaidu."

Manaja ya leƙo ya ɗaga mata gira. "Kin gani ko? Kada ki damu, ƙanin matata ma yana ɗan taɓa kwamfuta, zai riƙa leƙo mana."

Ƙanin matarsa! Yaron da ko filogi bai iya sawa daidai ba. Anti ta koma tebur kanta na hayaƙi. Ta tuna abin da Malama ke cewa, wai ɓarawon kirki ba ya fasa ƙofa, yana neman abin da ba za ka iya haƙurin barinsa a rufe ba. Ita da makarantar 'yarta aka kama ta. To waɗannan fa? Ta bi su da kallo ɗaya-ɗaya. Shekaru ta yi da su, ta san abu ɗaya ne ke tayar da su tsaye gaba ɗaya. Akanta ko gobara ake yi sai ya gama shayinsa, amma a ce an yi rasuwa, shi ne na farko a bakin mota.

Ta rubuta: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da ma'aikata rasuwar ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinmu. Don ganin suna da lokacin jana'iza da kwatancen gida, a danna nan, a shiga da kalmar sirrin ofis."

A ganinta ta yi taka-tsantsan. Ba ta ambaci suna ba, don haka ba ta kashe kowa ba. Kalmomin da za su rubuta kuwa ta tsara yadda ko ita ba za ta gan su ba: da zarar mutum ya buga, injin lissafi zai niƙe kalmar ta koma tarkacen haruffa, kuma ba a mayar da gari ya koma ƙwaya. Suna kawai za ta gani, da tarkacen a gefensa. Daga nan sai wani shafi ya buɗe da manyan jajayen haruffa: BABU WANDA YA MUTU, GWAJI NE. Ta gwada a gida, ya yi aiki tsaf.

Abu ɗaya ta manta. A makon nan, cikin zafin nama, ita da kanta ta tsaurara katangar tsaron ofis, wadda ke hana na'urori buɗe shafukan waje da ba ta sani ba. Shafin tarkon a babbar na'urar ofis ta ɗora shi. Shafin jajayen haruffan kuwa a waje yake.

Da safe, bayan kowa ya zauna, ta aika saƙon, ta shige ɗan ɗakin babbar na'ura ta ja ƙofa. Ɗakin ba taga, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da ba ka jin komai a bayansa. Ta zuba wa allo ido. Suna na farko ya fito: Manaja. Mutumin da ya san ana gwaji! Anti ta ƙyalƙyale da dariyar da rabonta da ita tun ranar wankin nan. Sai Akanta. Sai Kashiya. Sai mai sito, sai 'yan ɗaukar oda, kamar ana kiran suna a aji. Ba wanda ya tsira. Ta ɗan ƙara zama tana shirya jawabin da za ta yi musu, tana zaɓar inda za ta tsaya ta kalli Manaja.

Ta buɗe ƙofa ta fito da ƙasaita. Ofis wayam. Fankoki na juyawa, shayin Akanta na tururi a kan tebur. Ta nufi bakin ƙofa ta tarar da maigadi yana share ido da hularsa.

"Malam, ina mutane?"

"Au, Anti, ba ki ji ba? Baba Direba ya riga mu gidan gaskiya."

"In ji wa?"

"Saƙo aka turo. Sun sa kalmar, abin ya yi ta juyawa bai buɗe ba. To amma wa ke nan in ba shi ba? Kashiya ta ce tun bara ƙafarsa ke kumbura. An kira wayarsa a kashe. Sun cika motar kamfani sun tafi."

Baba Direba shi ne ya ja motar kai magunguna tun kamfanin yana shago ɗaya, har ya tsufa ya ajiye. Wayarsa kuwa kullum a kashe take, wai kada caji ya ƙare. Kowa ya san haka. Yau ne kawai suka ga dama suka manta.

Ta kira Manaja bai ɗauka ba. Ta kira Kashiya, ta ɗauka, amma kuka kawai ake ji. Anti ta tare tasi, ta yi ta zagin direban a kan ya ƙara wuta, har ya ce, "Hajiya, in mutuwa ce ai ba ta gudu." Ta ce masa ita wannan gudu take yi.

Ta iske motar kamfani ta toshe lungun. Maƙwabta da suka ga mota cike da masu kuka ba su tsaya tambaya ba, har an fara fito da tabarmi da bencina. A tsakar gida matar Baba na kwance ana yayyafa mata ruwa. Ashe tsohon ya fita aski bakin titi, tana cikin tsintar shinkafa sai ga Kashiya ta faɗo ta rungume ta tana "sai haƙuri, Mama, sai haƙuri". Matar ta ɗauka faɗuwa ya yi a wurin wanzami. Ta sulale.

Anti na kutsawa cikin mutane, sai ga Baba Direba ya shawo kwana, kai fes, yana dogara sandarsa. Ya tsaya ya taɓa wani maƙwabci.

"Wa ya rasu a gidana?"

Mutumin ya waiwayo, ya buɗe baki, bai rufe ba. Kashiya ta hango shi ta ƙwalla ƙara ta ɓuya bayan Akanta. Tsohon ya ratsa su, ya durƙusa da ƙyar a gaban matarsa, ya yi ta kiranta har ta buɗe ido ta damƙi rigarsa. Sai da aka shigar da ita ɗaki ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe motar kamfani ta san hanyar gidana."

Ya dogara da sandarsa ya ci gaba.

"Tun ranar da na ajiye makullin mota, wane ne a cikinku ya tako lungun nan? Na kwanta asibiti, na tashi. Kai Akanta, na aika maka, ka ce kana zuwa. To sannu da zuwa. Kai kuma," ya nuna Manaja da sanda, "ni na riƙa kai ka makaranta kana kuka a bayan mota. Yau ka samu lokaci." "Wa ya kashe ni? Ina so in ga fuskarsa."

Anti ta matso.

"Ni ce, Baba. Gwaji ne na ofis. Wallahi ban ambaci suna ba. Ban ce kai ba ne."

"Ba ki ce ni ba ne." Ya jinjina kai, ya juya ga sauran. "Ku kuka zaɓe ni ke nan. Aka ce wani tsoho ya mutu, kuka duba, kuka ga ni na fi dacewa."

"Baba, ni ban san da wannan magana ba," in ji Manaja da sauri. "Wallahi yanzu nake ji."

Anti ta juyo kamar an taka mata wutsiya. "Yallaɓai! Ba kai ka ce in gwada su ba? Ba kai ka ce kada in gaya maka ba?"

"Na ce ki gwada kwamfuta, ban ce ki kashe mutane ba. Ina takardar da na sa wa hannu?"

A rayuwarta ba ta taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar.

"Ku tafi ku yi faɗanku a ofis," in ji tsohon. "Ke kuma 'yar nan, ni na ɗauke ki a motar magani ranar naƙudarki ta fari, kina zagina har asibiti, ban riƙe ki ba. Wannan kam na riƙe. Ku ɗauke mini motarku daga ƙofa."

A hanyar komawa ba wanda ya matsa mata a kujera, a tsaye ta zo. Ana shiga ofis suka yi mata ca. Wannan ya ce ba ta da imani, wancan ya ce ta mai da kalmar Allah abin wasa. Ta amsa laifin da ta yi wa tsohon da matarsa, amma ta ce sauran su yi mata shiru, don da ɓarawo ne ya turo saƙon da yanzu kamfanin ya zama nasa. Sai Akanta ya ɗaga hannu, fuskarsa ta yi fari.

"Ku dakata. Kalmomin da muka rubuta... ke nan duk suna hannunta?"

Nan take aka manta da Baba Direba. Ashe yawancinsu kalma ɗaya suke amfani da ita ko'ina, ofis da waya da komai. Kashiya ta dafe ƙirji. Wani ɗan ɗaukar oda ya zauna a ƙasa.

"Ban ga kalmar kowa ba!" in ji Anti. "An niƙe su! Injin lissafi ya niƙe su kafin su iso wurina!"

"Anti," in ji mai sito, "mai niƙa ai yana leƙa kwano kafin ya zuba a inji."

"Wannan injin ba shi da mai leƙe, jahili!"

Wannan "jahili" bai taimaka ba. Kafin a tashi sun haɗa kai sun shiga wurin Manaja, ko ita ko su.

Da yamma maigidan ya saurari labarin duka yana ɗinki, har ta gama. Ya cire zare daga baki ya ce, "To aikin fa?" Ta ce aikin ya tafi, kuma kada ya kuskura ya gaya wa yayarsa.

Washegari ta fara biyawa ta gidan tsohon da ledar lemo. Matar ta juya fuska bango. Baba ya karɓi ledar ya ajiye, ya ce ta gaida gida, bai ce ta zauna ba. Ta fito zuciyarta na suya, ta isa ofis da jaka babba don kwashe kayanta. Tana cusa kofinta aka ce Manaja na kira.

Ya tashi da kansa ya rufe ƙofa, har da murɗa makulli. Ya ja mata kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Anti, na yi tunani. Lallai kamfanin nan yana buƙatar tsaro. Kujerar taki ce. Zan sa a gyara miki ɗaki."

Ta tsaya da jaka a hannu. "Su fa da suka ce ko ni ko su?"

"Bar ni da su." Ya rage murya. "Sai dai abin da kika gani... ya tsaya tsakaninmu."

"Cewa kai ka fara faɗawa?"

"Wannan ma. Amma ina nufin kalmar. Sunan nan. Tsohuwar magana ce, Anti, tun kafin in yi aure. Hannu ne kawai ya saba."

"Wane suna? Ni ban ga komai ba."

Ya yi murmushi ya nuna ta da yatsa. "Yawwa! Haka nake so."

"Yallaɓai, da gaske nake! Ba zan iya gani ba!" Ta fizgo kwamfutarta daga jaka ta buɗe masa. Ga sunansa, ga wani dogon tarkacen haruffa da lambobi a gefe. "Ka gani? Wannan ne kawai! Ko ni ban san me ke ciki ba!"

Ya leƙa, ya ja baya kamar ya ga maciji. "Ikon Allah. Har kin mayar da shi yaren da ke kaɗai ke ji."

"Ba na ji! Ba mai ji! Amfanin abin ke nan!"

"Madalla. Ko ni na tambaye ki, haka za ki ce. Ko matata ta tambaye ki, haka za ki ce."

Ta tsaya tana kallonsa, jijiyar wuyanta na harbawa. Ta hau matakalar shagon tayoyi da ciwon gwiwa, ta yi dambe da lissafin agogo, yarinya ta yi mata gyara a gaban yara, ta sumar da matar mutane, duk don ta nuna ta iya. Ga kujerar an ba ta, amma ba don ta iya ba, don ana zaton ta riƙe sunan wata tsohuwar budurwa. Ta buɗe baki za ta ce ya riƙe kujerarsa. Sai ta tuna autarta ba ta gama makaranta ba, keken ɗinkin maigidan kuma ba ya ɗaukar gidan shi kaɗai. Ta rufe kwamfutar da ƙarfin da ya sa Manaja ya zabura.

"Na karɓa. Amma ka canza kalmar nan yau."

"An gama, Anti."

Tana fitowa wayoyi suka fara shigewa aljihu. Kashiya ta miƙe tsaye ta gaishe ta, abin da ba ta yi ko ga Manaja. Anti ta wuce teburinta. Ta zauna ta rubuta umarninta na farko: kowa ya canza kalmar sirrinsa kafin a tashi, ga inda za a danna. Ta aika.

Azahar ta yi, rana ta fara gasa mata ƙeya, ba wanda ya buɗe. Ta sake aikawa. Shiru. Ta ture kujera ta tsaya a tsakiyar ofis.

"Wai ku kurame ne? Wannan na gaskiya ne! Daga ni ne! Ku buɗe!"

Akanta bai ko ɗago kai daga shayinsa ba.

"Wancan ma daga ke ne, Anti."